Idan aka ɗauke kuran, wa zai yi waƙa?

Yau maganar cikin gida muka kawo, ta mu Kiristocin ƙasar nan. Amma maƙwabtanmu Musulmi kada ku wuce, ku ɗan zauna ku ji, don wani sashe nata ya shafe ku, kuma mun san irin wannan gardama ba a majami'a kaɗai ake yin ta ba.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, dattawa suka ce kada kowa ya tafi, akwai shawara. Matasan koral ne suka kawo takarda. Kayan sautinmu, wato sono, sun tsufa. Lasifika ɗaya tana kuka, piyano wasu maɓallansa sun mutu, ga Kirsimeti tana matsowa. Sun tambayo farashi, sun lissafa har da kuɗin mota daga Kano, abin ya tashi jika 900. Abin da ke cikin asusu bai kai ba, don haka suka roƙa a yi baiko na musamman Lahadi huɗu a jere. Kowa ya gyaɗa kai. Har an fara rubuta sunayen masu alkawari, sai wata tsohuwa ta Zumuntar Mata, wadda ba ta cika magana a taro ba, ta ɗaga hannu. Ta ce: "Fasto da dattawa, ku gafarce ni. Ni ban san piyano ba. Amma ɗiyarmu wadda mijinta ya rasu bara, ɗakinta ya faɗi tun damina, ita da ɗiyanta huɗu suna kwana zauren mutane. Munka ce mu tada mata shi, anka ce babu kuɗɗi. To waɗanga kuɗɗin, daga ina za su fito?"

Wuri ya yi tsit. Can sai shugaban matasa ya miƙe, cikin ladabi, ya ce: "Inna, gaskiyarki. Amma in ba mu gyara kiɗa ba, yaran nan watsewa za su yi. Tun bara mutum nawa suka koma inda ake da kaya masu kyau? In suka tafi, gobe wa zai tada ɗakin wata gwauruwa?"

Ba a yanke komai ba, an ɗage zuwa Lahadi mai zuwa. Shi ya sa muka ce bari mu faɗi ra'ayinmu tun kafin ranar, domin mun tabbata ba ikilisiyarmu kaɗai ke da irin wannan takarda a kan tebur ba.

Da farko dai, mu ba maƙiyan kiɗa ba ne. Dawuda makaɗi ne tun kafin ya zama sarki, kuma lokacin da ran Sarki Saul yake ɓaci, shi ake kira ya kaɗa masa molo har ya samu sauƙi. Zabura ta 150 ta jera kayan busa da na kaɗawa na zamaninta ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk a yi yabo da su. Tarihinmu ma ya koya mana darasi a nan. Masu mishan na SIM sun fara zama a Damagaram a 1924, daga baya suka buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi. Sun zo da muryoyin waƙoƙin ƙasarsu, aka sa musu kalmomin Hausa, da yawansu suna nan cikin Littafin Waƙoƙi har yau. Tsofaffinmu suna ba da labari cewa a farko ana ƙyamar ganga a majami'a, ana ganin ta bori ce. Iyayenmu mata ne suka yi ta haƙuri har suka shigo da tulu da ƙwarya da caki, da waƙar da ɗaya ke bayarwa saura na amshi, irin yadda suka saba wurin daka da niƙa. Don haka duk wanda ya tashi yau ya ce piyano da gita na shaiɗan ne, kuskuren da aka yi wa ganga jiya ne yake maimaitawa.

To ina matsalar take? Mu dai ranar da muka gan ta da idonmu, a lokacin takunkumi ne. Kowa ya tuna daga watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta, har zuwa Maris na 2024, yadda kuran ya zama baƙo. Wata Lahadi ana tsakiyar yabo, hannuwa a sama, sai ɗif. Ga gurup babu mai a ciki. Majami'a cike da mutane, amma waƙa ta mutu nan take, kamar an zuba wa garwashi ruwa. Mai piyano yana duban ƙofa, mai ba da waƙa yana bubbuga makirfo da yatsa, mu kuma muna tsaye muna kallon juna. Sai daga can baya, wajen bencin tsofaffi, wata murya ta ɗauko wata tsohuwar waƙa. Mata suka amsa, dattawa suka amsa. Da muka waiga wajen matasa, rabinsu baki kawai suke motsawa, ba su san kalmomin ba.

Ranar muka gane cewa mun daɗe da zama ƴan kallo a cikin sujadarmu. Kuma ba da gangan aka yi ba, a hankali abin ya zo. Idan aka ƙure sauti har mutum ba ya jin muryar kansa, balle ta wanda ke kusa da shi, shiru zai yi. Idan aka ɗauki waƙa can sama, daidai maƙogwaron mutum ɗaya mai baiwa, saura ba za su kai ba, su ma shiru za su yi. Idan kowane mako sabuwar waƙa ce aka kwaso daga salula, kafin jama'a su riƙe ta an sake wata, babu wadda za ta zauna a zuciya. Ƙarshenta mutum biyar ke waƙa a gaba, mutum ɗari biyu suna tafi. Wannan a gidan biki daidai ne. A sujada kuwa kowa ya zo ne da bakinsa, makaho da gurgu da tsohuwar da haƙoranta suka zube, kuma muryar kowannensu ake jira.

Sai maganar harshe. Muna son waƙoƙin da ke zuwa daga Najeriya da Kwango da Abijan, suna da daɗi, ba mu musa ba. A Yamai kuma, inda benci ɗaya yake ɗauke da ɗan Benin da ɗan Togo da Bagurme da Bazabarme, Faransanci yana da wurinsa. Amma a ikilisiyar da kusan kowa Hausa yake mafarki da ita, mene ne amfanin a yi rabin awa ana rera Turanci da Lingala, alhali ko mai ba da waƙar ba zai iya fassara ta ba? Manzo Bulus ya taɓo wannan a wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa, sura ta 14, inda ya nuna cewa waƙa tana son hankali ya bi ta, kuma wanda bai fahimci abin da aka faɗa ba, ba shi da yadda zai ce amin. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Mutane sun ƙarar da shekarunsu a kan wannan aiki don kakanninmu su ji maganar Allah da harshen da uwa ta yi musu tawai da shi. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ya zama harshen ƙasa. Abin kunya ne a ce a daidai wannan lokaci mu ne muke jin nauyin yabon Allah da Hausa, muna ganin kamar ƙauyanci ne.

Ku kuma saurari abin da waƙoƙinmu na yanzu suke roƙo. Mota, fili, biza, ƙarin girma a wurin aiki, da faɗuwar maƙiya. Ba laifi ba ne mutum ya roƙi Allah abin rufin asiri. Addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa ma akwai abincin yini a cikinta, kuma wanda ya san yadda tiyar hatsi take tashi a bazara ba zai raina wannan roƙo ba. Amma idan waƙa goma muka yi, tara daga ciki a kan abin da za mu samu kafin ƙarshen shekara ne, me muke koya wa yaranmu game da Allah? Yaron da ya girma a kan cewa alamar albarka ita ce mota, ranar da ya kai shekara 40 yana kabu-kabu da babur ɗin haya, zai ɗauka Allah ya manta da shi, ko kuma ya ɗauka ƙarya aka yi masa tun farko.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ku lura da abin da muke rerawa a bakin kabari. Duk zafin koral, ranar jana'iza tsofaffin waƙoƙin nan ake komawa, masu maganar gicciye da gafara da tashin matattu da gidan da ba a ƙaura daga cikinsa. Me ya sa? Domin su ne suke iya ɗaukar nauyin ranar. Waƙar da ba za ka iya rera wa mai jinya a gadon asibitin Galmi ba, ko ga uwar da ta binne ɗanta da safe, a ji daɗinta a yi rawa, amma kada a mai da ita abincin ikilisiya na kullum.

Kuɗi kuma sun shigo da gasa. Kowane biki da ankonsa. Mun san yarinyar da take da murya fiye da kowa a koral, amma ranar Kirsimeti ta ce ba ta da lafiya ta zauna gida, alhali kuɗin atamfa da ɗinki ne ubanta bai samu ba. Mun ga yadda ake zawarcin mai piyano daga wannan ikilisiya zuwa waccan, ana ƙara masa jika biyar, kamar cinikin rago a kasuwar dabbobi. Ba mu ce kada a sallami makaɗi ba, yana da ciki, ya kuma ɓata lokacinsa wajen koyo. Amma in dalilin sayen sabon kaya shi ne don na unguwar gaba sun saya, to mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu daina cewa don ɗaukakar Allah ne. Annabi Amos, a sura ta 5, ya isar da saƙo mai nauyi ga mutanen da suka iya biki da waƙa amma suna tattake matalauta: Allah ya ƙi sauraron kiɗansu, ya nemi gaskiya da adalci. Kiɗan nasu ba a ce ba shi da daɗi ba. Abin da ke faruwa a bakin ƙofa ne ya ɓata shi.

Mu Kiristocin Nijar, ai bai kamata a yi mana dogon wa'azi kan abin da ke wucewa da abin da ke dawwama ba. Mun gani da ido. Ranar Jumma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da Asabar 17 ga wata a Yamai, bayan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga, wanda ba mu da hannu a ciki, aka cinna wa majami'u wuta. Hukuma ta ƙidaya 45 a Yamai kaɗai, mutum 10 suka rasa rayukansu a garuruwan biyu. Abin da aka tara shekara da shekaru, benci da littattafai da piyano da lasifika, ya zama toka kafin la'asar. Ba don tada tsohon miki muka ambaci wannan ba. Ba mu kuma manta da Musulmin da suka ɓoye ƴan uwanmu a ɗakunansu ba, da waɗanda suka tsaya a ƙofa suka ce ba a taɓa maƙwabcinsu. Allah ya saka musu da alheri. Abin da muke so a tuna shi ne Lahadin da suka biyo baya. Wasu a gidaje suka taru, wasu a ƙarƙashin rumfa, wasu a tsakanin bangon da ya yi baƙi da hayaƙi. Babu sono, babu anko. Ku tambayi duk wanda ya yi sujada a kwanakin nan ko ya taɓa jin waƙa ta shige shi kamar lokacin. Abin da Yesu ya faɗa a Matiyu sura ta 6, game da dukiyar da ake ajiyewa inda ɓarawo da tsatsa ba su kai, a kwanakin nan ba mu bukaci mai fassara ba.

Ruwa ma ya maimaita mana karatun. Daminar 2024 ta ci rayuka fiye da 300 a ƙasar nan, ta shafi mutane fiye da miliyan 1, har aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. Maraɗi ta sha wuya ƙwarai. A Damagaram tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe a farkon Satumba, duk muka ji zafinsa. Ruwa bai tambayi addinin kowa ba. Duk abin da hannu ya gina, ranarsa tana zuwa.

Yanzu mu koma ga maganar shugaban matasa, don ba shirme ya faɗa ba. Gaskiya ne yara suna tafiya, kuma gaskiya ne kiɗa yana cikin abin da ke jan su. Lasifika mai kuka ba alamar tsarki ba ce, kuma yin abu sakaka a gidan Allah ba tawali'u ba ne. Amma mu duba da kyau. Yaron da sauti ya kawo, sauti mafi ƙarfi zai ɗauke shi, kuma kullum akwai wanda ya fi mu kuɗi. Waɗanda suka zauna cikinmu har suka yi furfura, ku tambaye su abin da ya riƙe su. Wani zai ce lokacin da ubansa ya rasu ikilisiya ce ta biya masa lakwal. Wata za ta ce da danginta suka juya mata baya, wata tsohuwa ce ta shimfiɗa mata tabarma. Har yau ba mu ji wanda ya ce piyano ba. Yaran nan huɗu da ke kwana a zaure, su ma matasan gobe ne, suna kuma kallon abin da za mu yi.

Kada kuma wani ya fahimce mu a karkace, ya ce fifita abin dawwama yana nufin a naɗe hannu a bar duniya ta lalace. Waɗanda suka buɗe asibitin Galmi a 1950, da waɗanda suka zauna da masu ciwon kuturta a Danja lokacin da kowa ke gudunsu, sun yi imani da rai madawwami, shi ya sa ma suka ɗauki jikin mutum da muhimmanci. Piyano kayan duniya ne, ɗakin laka da kwano shi ma kayan duniya ne, duka biyun za su lalace. Bambancin shi ne wanda ke kwana a cikin ɗakin. A Matiyu sura ta 25, tambayoyin ranar ƙarshe a kan mai yunwa ne, da mai ƙishi, da baƙo, da marar sutura, da marar lafiya, da ɗan kurkuku. Mun duba jerin sau da yawa, ba mu ga kayan sauti a ciki ba.

Ga maƙwabta kuma. Idan muka juya lasifika waje muka kwana muna addu'a da ƙarfi har asuba, akwai jariri a gidan baya, akwai marar lafiya, akwai ɗan lakwal mai jarrabawa. Allah ba kurma ba ne. Rage sauti da dare, da sassautawa idan ana kiran salla a masallacin unguwa, bai rage wa bangaskiyarmu komai ba. Mu ma muna so a yi mana irin wannan kara, to mu fara.

Abin da za mu faɗa ranar Lahadi, in an ba mu dama, ga shi. A fara tada ɗakin nan kafin sanyi ya yi tsanani. Magina cikinmu sun ce kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na takardar matasa ba, in mun ba da ƙarfinmu wajen bulo. A kai lasifika da piyano wurin mai gyara, a ga abin da zai tashi, abin da ya gagara a saye shi a hankali, ba tare da bashi ba. A keɓe Lahadi ɗaya a wata da za a kashe sono da gangan, a yi yabo da murya da tulu da tafi. Duk sabuwar waƙa, kafin a kawo ta gaban jama'a, a zauna a fassara ta, a tambaya me take cewa game da Allah. Anko ya zama na ganin dama, kuma kada a hana kowa tsayawa a koral saboda tufafi. Kuɗin baiko kuma a riƙa karanta shigarsu da fitarsu a bainar jama'a, har da abin da aka ware wa gwauraye da marayu, don kada a sake cewa babu alhali akwai.

Akwai aiki ɗaya da muke roƙon matasa musamman, don ku ne masu salula. Ku je wurin tsofaffin nan tun suna da rai, ku ɗauki waƙoƙin da ke bakinsu. Da yawa ba a rubuce suke ba, matan Zumunta ne suka ƙaga su a kan turmi da bakin rijiya, kuma duk tsohuwar da muka binne tana tafiya da nata. Manoman Maraɗi sun san yadda aka mai da itatuwa gonaki tun wajen 1983, lokacin da aka lura cewa kututturan da ake ɗauka sun mutu saiwarsu tana da rai, gyaran tsiro kawai suke jira. Waƙoƙin nan haka suke. Ku ɗauko su, ku sa musu gita in kuna so, Inna ba za ta hana ba.

Bulus da Sila, a kurkukun Filibi, an yi musu bulala, ƙafafunsu a turu, tsakar dare suka ɗauki waƙa, sauran ƴan kurkuku suna saurare. Muna so yaranmu su tashi da irin waƙar da za su iya yi a wuri kamar wannan, don ba mu san abin da gobe za ta kawo musu ba.

Lahadi za a yanke shawara. Mai yiwuwa a rinjaye mu, kuma in haka ta faru ba za mu bar ikilisiya ba, ba za mu yi gaba da kowa ba. Bulo dai za mu fara bugawa ranar Asabar da sassafe, wanda ke da hali ya zo da shebur. Allah ya ba dattawanmu hikima, ya riƙe matasanmu, ya ba ƙasarmu Nijar zaman lafiya. Amin.